Ruwan Teku Don Ƙafar Inna

Unguwar Shanu, Kaduna
6 ga Yuli

Ƙanwata Lubna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya zaman jirgin ruwa? Uwargida Sa'adiya tana gaishe ki, yara kuma suna tambaya ko kin ga irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa. Mu nan lafiya. Damina ta kankama, lungunmu ya koma taɓo, kullum ina isa ofis kamar wanda ya biyo ta gona.

Na ce lafiya ne don haka ake buɗe wasiƙa. Ƙafar Inna ba lafiya. Ciwon nan da kika bari a ƙarƙashin babban yatsanta, inda ƙusa ta soke ta, ya buɗe ya zama gyambo. Kin san halin ciwon suga, ita ba ta jin zafinsa ko kaɗan, mu ne muke jin warinsa. Muna kai ta asibiti ana wankewa, amma ranar Litinin likita ya ja ni gefe ya ce in nama bai fara cikowa ba yatsan zai tafi, in aka yi sakaci ƙafar ma ta bi shi. Ban faɗa mata ba. Ba sai na faɗa ba, ta gani a fuskata tun kafin mu fito bakin titi.

Jiya Kawu Bello ya bar ɗalibansa a Rigachikun ya zo duba yayarsa. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce a gidan malaminsa ya taɓa ganin an yi wa wani mai irin wannan gyambo magani: a rubuta ayoyin waraka a allo, a wanke da ruwan teku, a riƙa jiƙa ciwon safe da yamma. Ya ce ruwan teku tsarkakakke ne, kuma bai ce a bar asibiti ba. Wahalar kawai, a wancan karon sai da aka jira wani alhaji ya zo da ruwan daga Jidda.

Inna tana kwance, sai ta ɗago kai ta ce, "Ni kuwa 'yata a kan teku take kwana."

Rabon da in ga ta yi murmushi irin wannan tun kafin ƙusar nan. Shekara da shekaru muna tambayarki me ake yi da digirin ƙwarin ruwa, ga shi yau ya yi rana. Don Allah ki ɗebo mana, ko kwalba ɗaya ce, ki ba duk wanda zai sauka ya sa a motar Kaduna. Ki gaggauta, likitan nan ba da wasa ya yi maganar ba.

Yayanki,
Nuraddeen

A cikin jirgi, gaban bakin Kogin Neja
11 ga Yuli

Yaya Nura,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka a tsaye a saman jirgi, wurin da sabis yake ɗan kamawa. Ina lafiya, jiri da amai sun bar ni. Ka gaishe da Anti Sa'adiya. Ka ce wa yara ban ga wannan kifi ba, abin da nake farauta bai kai ƙwayar gero ba. Maganar Inna kuwa ta hana ni sukuni.

Don Allah ka karanta wannan kai kaɗai kafin ka karanta mata. Ba zan aiko da ruwan nan ba, kuma ga dalilina.

Ruwan teku ba ruwa da gishiri ne kawai ba. Aikinmu a nan shi ne mu jefa wata raga mai siffar mazurari, wadda idonta ya fi na ƙyallen tatar kamu ƙanƙanta, jirgi ya ja ta a hankali, mu ɗago mu juye abin da ya taru a kwalba. Da ido sai ka ce ruwan wankin shinkafa ne. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu, sai ka tarar da gari guda yana hada-hada. Filankiton ake ce musu, wato masu shawagi, don ba su da ƙarfin da za su yi gaba da ruwa, inda ya kai su nan suke. Wasu tsirrai ne masu rayuwa da hasken rana, kuma kusan rabin iskar da duniya take shaƙa su suke samar da ita. Wasu dabbobi ne masu ƙafafu, kamar ƙwarƙwata, suna kiwo a kan tsirran. Ƙananan kifi su ci waɗannan, manya su ci ƙananan, mu kuma mu saya a kasuwa.

A nan kusa da gaɓa ruwan kore ne, har kauri yake yi, saboda duk abin da koguna suka kwaso nan suke saukewa. Takin gonakin Rigachikun da kwatar Unguwar Shanu, Kogin Kaduna ya miƙa wa Neja, Neja ya kawo mana. A wajensu abinci ne, sai su yi ta hayayyafa har ruwa ya sauya launi. To, akwai wata ƙwayar cuta da take maƙalewa a ɓawon masu kama da ƙwarƙwatan nan. Mai lafiya zai yi wanka ya fito kalau. Mai ciwon suga da buɗaɗɗen gyambo kuwa, in ta shiga, tana iya cinye masa ƙafa kafin a ankara. Ba labari aka ba ni ba, bara na ga wani masunci da ta kama.

Ban ƙi rubutun Kawu ba, wallahi. Ya rubuta, ya wanke da ruwan da aka tafasa. In gishiri ake so, ku roƙi likita ruwan gishirin da suke wanke ciwo da shi. Ku ci gaba da kai ta asibiti, kada a tsallake ko sau ɗaya. Ka lallaɓa ka faɗa mata, kai ka iya magana da ita fiye da ni.

Ƙanwarka,
Lubna

Unguwar Shanu
15 ga Yuli

Lubna,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Yara suna gaisuwa.

Mun sami laccarki. Na yi yadda kika ce, na karanta ni kaɗai, sannan na zauna a bakin gadonta na rage wannan na tausasa wancan. Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaye ni ko teku ce ta ƙafe. Na ce a'a. Ta ce, "To, Allah ya ba ta sa'a a aikinta." Ta juya ta fuskanci bango. Ke kin san abin da wannan addu'a take nufi a bakin Inna.

Kawu bai yi fushi ba. Ya ce yarinyar tana da hujja, shi bai san ƙwarin ruwa ba, abin da ya gani a gidan malaminsa kawai ya faɗa. Ni ne na yi fushi, kuma har yanzu ban huce ba. Kina can kina leƙa madubi, ni nake ɗaukar ta in sa a keke napep, ni nake riƙe ƙafar ana kankarewa. Jiya ta ƙi zuwa asibiti. Ta ce in 'yar da ta haifa ta hana ta ruwa, me za ta je nema wurin 'ya'yan wasu. Da ƙyar Sa'adiya ta shawo kanta, muka isa an kusa tashi.

Ni ban san ko ruwan nan zai yi magani ba, kada ki ɗauka na sani. Abin da na sani, daga ranar da aka ambace shi ta fara cin abinci, daga ranar da kika hana ta daina. Sugan ya hau, ciwon ya ƙara faɗi, likita ya sake ja na gefe. Duk ilimin nan naki, a ce babu hanyar da za ki raba ruwa da ƙwarinsa? Ko kuwa ba ki so a ce mai digiri biyu ta aika ruwan rubutu?

Nuraddeen

A cikin jirgi, kan hanyar Legas
18 ga Yuli

Yaya Nura,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Maganarka ta ƙarshe ta yi mini zafi, na yi kuka, amma tambayar da ta gabace ta gaskiya ce. Akwai hanya.

Daga Legas za mu nausa tsakiyar teku, nesa da kowane kogi. Can ruwan shuɗi ne garau, don babu takin da yake isa wurin, masu shawagin ma kaɗan ne, sai raga ta daɗe a ruwa kafin ta tara abin kirki. A can zan ɗebo wa Inna nata. Zan tace shi da takardar da muke kama ƙwayoyin cuta da ita, sannan in dafa shi a tukunyar da muke dafa kayan aiki. Abin da zai rage ruwa ne da gishiri, ba mai rai a ciki. Da zarar na sami mai sauka zan aiko.

Sharaɗina biyu: likita ya san abin da ake sa wa ƙafar, kuma kada a fasa zuwa wanki. Ka ce wa Inna ta yafe mini, ba rowa na yi mata ba, tsoro ne. Ka ce ruwanta yana nan tafe, ta ci abinci.

Lubna

A cikin jirgi, wajen tashar Legas
21 ga Yuli

Yaya Nura,

Salamu alaikum. Ina fata Inna ta sami sauƙi. A gurguje nake rubutu, don ba a bar mu mun shiga tasha ba. Daga nesa muka tsaya, kwale-kwale ya kawo mana abinci da mai, yanzu kuma za mu tashi.

Abokin aikina Sharhabil ba shi da lafiya, zai bi kwale-kwalen ya kwanta asibiti a Legas. Na ba shi kwali ɗaya ya sa a motar Kaduna, na rubuta lambar wayarka a kai. Kayan aikina ne, duk abin da na kamo a gaɓa tun farkon tafiya. Wani zai zo daga ɗakin gwajinmu na Zariya ya karɓa a hannunka.

Yaya, ka kula da kyau, wannan ba ruwan Inna ba ne. Nata ban ɗebo ba tukuna. Masu shawagin nan da sun bar teku suke mutuwa su narke, shi ya sa muke zuba wa kowace kwalba fomalin, maganin da ake sa wa gawa don kada ta ruɓe. Guba ne, yana ƙona nama. Kada a buɗe ko ɗaya. Ka ɗora kwalin a kan kabad inda yara ba za su kai ba.

In kun ji ni shiru kada ku damu, inda za mu babu sabis, na'urar jirgi mai kama tauraron ɗan adam kuma tana ta ba su wahala. Ga shi na danna tura, ana kirana a ƙasa.

Lubna

Unguwar Shanu
25 ga Yuli

Ƙanwata Lubna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma yau da gaske nake faɗa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Tun wasiƙarki ta alkawari ba mu sake ji daga gare ki ba, har na fara ƙunƙuni, sai jiya wani direba ya kira ni daga tashar Kawo ya ce ina da saƙo daga Legas. Mu da muka roƙi kwalba ɗaya, sai ga kwali guda. Kowace kwalba da 'yar takarda a jiki, an rubuta lambobi da kwanan wata da fensir. Na ce wa Sa'adiya Lubna ba za ta canja ba, ko ruwa za ta aiko sai ta yi masa rajista.

Amma ba ki gargaɗe mu da ƙarfinsa ba. Ina buɗe murfi ya doki hancina, idona ya kawo ruwa, Sa'adiya ta kwashe yara waje. Na tambayi Kawu ko haka yake. Ya ce shi ma bai taɓa ganin teku ba, amma ruwan da yake ɗaukar jirgi mai girman unguwa ai ba zai yi ƙamshin ruwan randa ba. Maƙwabcinmu da ya taɓa gadi a Legas shi ma ya ce teku kam tana da ƙarni. Ashe abin da kike shaƙa kullum ke nan, sannu da ƙoƙari.

Tatar taki kuma da sauran gyara, Malama. A ƙasan kowace kwalba akwai wani abu kamar dusa, sai da Sa'adiya ta sake tacewa da ƙyallen kamu. Kafin nan Inna ta ce a miƙo mata ɗaya. Ta ɗaga ta saitin taga, ta girgiza, ta daɗe tana kallon abin yana shawagi. Ta tambaya ko su ne mutanen Lubna, na ce su ne, sai ta yi musu sannu da hanya. Tuwo ta ci jiya har da neman ƙari.

Kawu ya kwana nan. Da asuba ya rubuta allo, ya wanke a sabon kwano, ya jiƙa auduga ya ɗora da hannunsa. Ta ce ba ta ji komai ba sai sanyi. Ta ce in faɗa miki ta yafe, dama ba ta riƙe ki ba.

Yayanki,
Nuraddeen

Unguwar Shanu
3 ga Agusta

Lubna,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Na kira ba ya shiga, wasiƙata ta baya ma ban ga alamar kin buɗe ba. Inna tana tambaya kullum, ina ce mata aiki ne.

Albishir nake son yi miki. Warin gyambon ya ɗauke gaba ɗaya, ruwan da yake tsattsafowa ya tsaya, ƙuda ma sun daina bin ta. Wurin ya bushe, ya yi tauri, ya yi toka-toka. Mutanen lungu suna ta shigowa gani, har wata ta zo da ƙoƙo tana roƙon a sam mata don mijinta. Inna ta hana, ta ce nata ne.

Zan faɗa miki gaskiya, sharaɗinki bai cika ba. Wanki biyu muka tsallake. Ta ce ba za ta kai ciwon da ya kama hanyar warkewa a sake ƙwaƙule mata shi ba, ga ruwan sama, ni ma da na ga yadda ya bushe ban matsa ba. Likita kuma ban sami faɗa masa ba. Abin da ya ɗan dame ni, sama da idon sawu ya kumbura ya yi ja, jiya kuma ta kwana da zazzaɓi. Kawu ma yatsunsa sun tsattsage, ya ce gishiri ne.

Maganar da na faɗa miki ta digiri biyu, ki yi haƙuri, zafin rai ne. Ki yi magana ko layi ɗaya ne.

Nuraddeen

A cikin jirgi, gaban gaɓar Ghana
8 ga Agusta

Yaya,

Ku daina sa mata ruwan nan yanzu. Ba nata ba ne, akwai fomalin a ciki, maganin gawa. Ku kai ta asibiti yanzu yanzu, ka tafi da kwalba ɗaya ka nuna wa likita. Bushewar da kuke gani ba warkewa ba ce, naman ne ya mutu ya ƙandare. Kawu ma a duba hannunsa. Ta sha? Don Allah ka ce mini ba wanda ya sha.

Yau muka matso gaɓa, sabis ya dawo, wasiƙunka biyu suka shigo tare. Na duba sai na ga tawa ta Legas, wadda na yi maka bayanin kwalin a ciki, tana nan zaune ba ta tafi ba. Yanzu ta tafi. Na kira ka, na kira Anti Sa'adiya, ba wanda ya ɗauka.

Ban rubuta guba a jikin kwalaben ba. A jirgi ba mai rubutawa, lambar wuri da zurfi da rana kawai muke sawa, don kowa a nan ya san abin da ke ciki. Ban tuna cewa gidan da ba wanda ya taɓa jin warin teku za su sauka ba. Teku ba ta sa hawaye, Yaya.

Duk kwanakin nan ina tsakiyar ruwa hankalina kwance. Kullum da magariba muna kallon na'ura tana nuna masu shawagi suna tasowa daga zurfi su yi kiwo, da asuba su koma, ina ta cewa zan ba Inna labari. Ruwanta yana nan, na tace, na dafa, na naɗe a zanena.

Na roƙi kyaftin ya sauke ni, ya ce sai mun shiga tasha. Ka amsa mini, kuma kada ka ɓoye mini komai. Ruwana ne?

Lubna

Asibiti, Kaduna
10 ga Agusta

Ƙanwata Lubna,

Wa alaikumus salam. Inna tana raye, tana magana, zazzaɓin ya sauka. Ba wanda ya sha. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Wasiƙunki biyu sun shigo tare, ina zaune a barandar asibiti. A lokacin an riga an shiga da ita ɗakin tiyata, shi ya sa ba mu ɗauki waya ba. Kwana biyu bayan na rubuta miki, kumburin ya haura, ta fara sambatu, muka kawo ta. Likita yana warware ƙyallen da muka ɗaure ƙafar da shi ya ja da baya, ya tambaye ni me muke sa mata. Na ce ruwan teku. Ya ce in je in kawo. Bai ko kai kwalbar hanci ba ya faɗi sunan abin, ya ce tun suna ɗalibai ya san wannan wari. Saman ya bushe, ruɓar kuma ta bi ta ƙarƙashi ta shiga jini. An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Kin ce kada in ɓoye miki. Na yi masa tambayarki kafin ke ki yi mini. Ya ce yatsan dama ba zai tsira ba, wataƙila har da rabin tafin. Sauran kuwa, da ruwan da kuma wankin da muka tsallake, su suka tafi da shi. To, ga amsarki. Ruwanki ne, kuma ni ne na ji ya sa ni hawaye na ɗauka na ba ta, na kuma zauna a gida ranar asibiti. Ban san yadda za a raba wannan ba, kuma na gaji da gwadawa. Raina a ɓace yake, Lubna, amma ba da ke ba.

Kawu ya fi kowa shiga wani hali. An naɗe masa yatsu, ya ƙi komawa Rigachikun, yana zaune a ƙofar ɗaki ya kasa shiga. Mutumin Zariya ya zo jiya ya kwashe sauran kwalaben. Ya fara tambayar inda waɗanda suka ɓace suke, da ya ji sai ya ɗauki kwalin ya tafi.

Na so in ɓoye wa Inna, in bar ta a kan cewa ciwon ne ya fi ƙarfin magani. Ashe ta ji abin da likita ya faɗa tun ranar da muka kawo ta. Yau da safe ta sa aka shigo da Kawu, ta yi masa faɗa kamar yana yaro, ta ce ya je ya ci abinci ya koma wa ɗalibansa. Na karanta mata wasiƙunki duka biyu, wannan karon ban rage komai ba. Da na kai wurin ruwan da kika naɗe a zane, na tambaye ta ko ki taho da shi. Ta ce ki mayar wa teku kayanta.

Ta daɗe tana kallon wurin da bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Ta yi kuka, ban hana ta ba. Da ta share ido sai ta ce in ɗauko biro, in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Lubna, kin hana ni, na ƙi ji. Ki daina kukan nan, na san kina yi. Jiya an tashe ni tsaye. Nura ya yi mini tsawo, in na dafa shi sai in ji kamar an rataye ni. Sa'adiya kuma ga goyo. Kafaɗarki ce daidai ni. Ki zo."

Ban gyara ba. Ki faɗa mini tashar da za ku shiga.

Yayanki,
Nuraddeen